Daga Kwanar Gafan Zuwa 'Yan Lemo: Ina Kayan Lambu Suke Araha?

Sunan da muke kiran 'ya'yan itatuwa da shi ma abin dubawa ne. Muna ce musu "kayan marmari", wato abin da ake ci jefi-jefi idan rai ya biya, ko a riƙa a leda a je dubiya asibiti, ko a yanka a faranti lokacin buɗa-baki. Da an ga watan Sallah, sai kankana da lemo su yi sallama da gidaje da yawa sai kuma wani azumin. Idan ka tambayi dalili, amsar ɗaya ce: tsada.

Alhali kuwa Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar mutum ya ci aƙalla giram 400 na ganye da kayan lambu da 'ya'yan itatuwa a kowace rana, wato kamar cikin tafin hannu sau biyar. Dankali da rogo da doya ba sa cikin wannan lissafi, domin su 'yan gidan tuwo ne. To, ƙannena, kowa ya tuna abin da ya ci jiya. Shayi da burodi da safe, taliya ko awara da rana, tuwo da dare. Tafi nawa aka samu a cikin biyar ɗin?

Wannan tambaya ce ta sa a hutun da muka samu a jami'a cikin watan Fabrairu, ni da wani abokin karatuna ɗan Kura muka ware kwana biyu muka zaga wurare uku a Jihar Kano da kayan miya da kayan marmari ke bi kafin su iso unguwanninmu. So muke mu gane a ina tsadar take shigowa, kuma ta ina mai ƙaramin ƙarfi zai kauce mata.

Kwanar Gafan: inda tumatir ke rasa mai ɗauka

Mun hau mota a tashar Unguwa Uku bayan sallar asuba, muka miƙi titin Zariya. Sanyin hunturu bai gama sakin gari ba, ga hazo ya rufe gabas. Ko'ina ka duba a gefen hanya ƙasa ta bushe, sai karan dawa da aka tara da awaki suna kiwon abin da ya saura. Amma da muka tsallake gadar Tamburawa muka doshi Kura, sai launin duniya ya canza. Gonaki kore shar har iyakar ganinka: alkama, albasa, masara, tumatir, ga ruwa yana gudu a magudanan siminti a tsakiyar rani.

Ruwan nan daga madatsar Tiga yake zuwa, wadda aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Baƙo. Daga can aka janyo shi ta babbar magudana zuwa filayen Kadawa, ya ratsa ƙananan hukumomin Bunkure da Kura da Garun Malam. Shi ya sa manomin wannan yanki ba ya naɗe hannu idan damina ta wuce. Galibin tumatirin da ake ci a Kano da rani, da mai yawa daga wanda ake ci a Legas, daga irin waɗannan filaye yake fitowa.

Kasuwar Kwanar Gafan tana bakin titi a Ƙaramar Hukumar Garun Malam, ƙasa da tafiyar awa ɗaya daga cikin gari. Kasuwa ce mai bin lokaci: tana cika ta batse a watannin da ake ɗiban tumatir, ta yi tsit idan kaka ta wuce. Mun yi zaton mun yi sammako, ashe wasu a tafe suka kwana. Kafin rana ta fito sosai, kwanduna sun yi layi ja wur, wasu an kawo a amalanke, wasu a babur, wasu a ƙananan motoci. 'Yan dako na ɗauka da gudu suna loda wa manyan motocin da za su kama hanyar Kudu, dillalai na zagayawa suna daddale ciniki, ga masu shayi da masu waina sun kafa nasu a gefe. Warin tumatir da ya fashe kuwa tun daga titi yake tarbarka.

Muka tsaya wajen wani dattijo da ya kawo nasa daga gona. Na gaishe shi, na ce, "Baba, yaya kasuwa?"

Ya dube ni ya yi murmushi ya ce, "Kasuwa ta masu saye ce yau, ɗan nan. Duk wanda ka gani a nan jiya ya tsinko, kuma ba mai iya komawa da shi gida. Hatsi ne da za ka zuba a rumbu? Wannan in ya kwana biyu ya zama ruwa."

A cikin maganar nan tasa akwai duk ilimin farashin kayan gwari. Manoma suna dasawa lokaci guda, saboda haka suna ɗiba lokaci guda. Kayan ba ya jira. Idan motocin masu sari sun yi yawa a ranar, farashi ya tashi. Idan sun yi ƙaranci, ko hanya ta samu matsala, sai ya faɗi warwas, har ka ga kuɗin da aka sayi kwando bai kai abin da manomi ya kashe a taki da magani da masu tsinka ba. Ga kuma asarar hanya: kwandunan ana ɗora su ne wani kan wani, na ƙasa ya matse, kafin a kai kasuwar Mile 12 a Legas wani kaso ya lalace. Shi ya sa ake ta ƙarfafa wa 'yan kasuwa gwiwa su koma amfani da akwatunan roba, waɗanda ake jerawa ba tare da na sama ya danne na ƙasa ba. Mun ga kaɗan daga cikinsu a kasuwar, amma har yanzu kwando ne sarki.

Daga wajen watan Mayu kuma sai labari ya juye. Zafi ya yi yawa, noman rani ya ƙare, na damina bai zo ba, sai tumatir ya zama na mai hannu da shuni. Wani lokacin ma annoba ke ƙara dagula lamarin. A 2016 wata tsutsa da ake kira Tuta absoluta, wadda asalinta daga Kudancin Amurka take, manoma kuma suka laƙaba mata suna "sharon", ta cinye gonakin tumatir a Kano da Kaduna da wasu jihohin, farashi ya ninka sau da yawa. Har masana'antar sarrafa tumatir ta Ɗangote da ke Kadawa, wadda aka buɗe a shekarar, sai da ta tsaya saboda rashin abin da za ta niƙa.

Abin da iyayenmu suka daɗe da sani shi ne, maganin tsadar Yuni a Fabrairu ake haɗa shi. A sayi kwando lokacin araha, a yanka, a shanya ya zama kauɗa. Mun ga inda ake shanya shi a ƙasa, ƙura da dabbobi na bi ta kai, kuma wannan ne ke sa wasu ƙyamar kauɗar kasuwa. A gida kuwa ana iya yin mai tsabta: a wanke, a yanka, a baza a kan tabarma ko tire a wuri mai tudu, a rufa da yadi mai shara-shara saboda ƙuda, a bari ya bushe ƙarau kafin a ɗaure. Haka ake yi wa tattasai da attaruhu da kuɓewa. Gidan da ya yi haka ya taimaki kansa, ya kuma taimaki manomin da kayansa ke neman ruɓewa a hannunsa.

'Yan Kaba: kowane hannu da ladansa

Washegari da sassafe muka nufi kasuwar 'Yan Kaba da ke kan titin Haɗeja. Idan Kwanar Gafan ta tumatir ce, to 'Yan Kaba ta kowa da kowa ce. Nan za ka ga kabeji an tara kamar dala, ga karas da ganyensa, ga koren wake da kokwamba da latas, ga buhunan albasa, ga dankalin Turawa da aka sauke daga Filato, inda sanyin tsaunuka ke karɓarsa. Ƙasa a jiƙe take da ruwan wanke kaya, masu kura na ihun a ba su hanya. Wanda zai je, ya sa takalmin da ba ya jin tausayinsa.

A nan ne muka ga yadda tsada ke hawa mataki-mataki. Manomi ya sayar wa mai sari ta hannun dillali, dillali ya karɓi la'adarsa. Mai mota ya karɓi nasa, ɗan dako ya karɓi nasa, an biya kuɗin shiga kasuwa. Mai kayan miyan unguwarku ya zo ya sayi kwando, ya biya Adaidaita Sahu ya kai shi teburinsa, ya tsince wanda ya lalace ya zubar, sannan ya kasa sauran kashi-kashi. Dole kuɗin wanda ya zubar ya fito daga wanda ya rage. Saboda haka idan ka ga kashin tumatir huɗu ya yi tsada a bakin layinku, ba lallai ne mai teburin yana cutarka ba. Kai ne dai kake saye a ƙarshen dogon layi.

Hanyar rage layin ita ce a matso kusa da farkonsa, kuma mutum ɗaya ba zai iya ba, domin kuɗin mota kaɗai zai cinye ribar. Mun haɗu da wasu mata uku da suka zo tare daga unguwa ɗaya. Suka sayi kwandon tumatir guda da rabin buhun albasa, suka koma gefe suka raba uku da roba. Ɗaya daga cikinsu ta ce min duk bayan mako biyu suke haka, gida biyar ne suke haɗa kuɗi, ana karɓa-karɓar masu zuwa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Wannan dabara ce da ɗalibi zai iya kai wa mahaifiyarsa, har ya zama shi ne mai riƙe lissafin.

Lokacin zuwa ma yana da tasiri. Da safe kaya sabo ne, zaɓi kuma da yawa. Da yamma mai kaya ya fi sassauci, don ba ya son kayan su kwana, amma sai ka buɗe ido. Abin da ya ɗan yi yaushi ba laifi idan a ranar za a dafa shi. Wanda ya fashe yana tsami, ko ya yi fumfuna, a bar shi ko da kyauta aka ba ka. Araha ba ta ado, wata arahar ma asibiti take kai mutum.

Abin da ya fi tsaya min a rai a 'Yan Kaba shi ne ɓangaren masu ganye. Alayyahu, rama, yakuwa, zogale, lalo, lansir, ga ugu da 'yan Kudu suka koya mana ci. Su ne mafi arahar kaya a kasuwar, kuma suna cikin mafi amfani. Koren ganye na ɗauke da sinadarin ƙarfe da jiki ke buƙata don haɗa jini, abin da 'yan mata masu tasowa suka fi kowa buƙata. Yana kuma ɗauke da abin da jiki ke juyawa ya zama bitamin A, mai taimakon ido da garkuwar jiki, irin wanda ake samu a karas da kabewa da gwanda da mangwaro. Kwaɗon zogale ko na rama da ƙuli-ƙuli da tumatir da albasa, wanda wasu ɗalibai ke jin kunyar a gan su da shi, ya fi yawancin abin da ake sayarwa a leda mai ƙyalli amfani. In ka matsa masa lemon tsami ma ka ƙara, domin bitamin C na taimaka wa jiki ya tsotsi ƙarfen da ke cikin ganye. Shayi kuwa akasin haka yake yi, don haka a ba da tazara tsakaninsu.

Sai dai a kula da wanki. Wasu lambunan cikin birni, irin na gefen rafin Jakara, da ruwan da ya kwaso dattin unguwanni ake ba su ruwa, kuma a kasuwa ba a rubuta wa latas inda ya fito. Duk abin da za a ci ɗanye, a ware ganyensa ɗaya bayan ɗaya, a wanke da ruwa mai tsabta fiye da sau ɗaya, mai wankin ma ya fara wanke hannunsa da sabulu. Idan ana fama da amai da gudawa a gari, a fi karkata ga dafaffe da kuma abin da ake ɓarewa.

'Yan Lemo: Kudu ta zo Kano

Daga can muka tsallaka gari zuwa Na'ibawa, inda kasuwar 'Yan Lemo take a kan titin Zariya. Jiya a Kwanar Gafan mun ga motoci suna lodi za su Kudu. Yau ga wasu sun iso daga Kudu suna saukewa. Lemo daga Binuwai, abarba da ayaba daga dazuzzukan Edo da maƙwabtanta, kankana kuma daga gonakin nan Arewa. Tumatirinmu ya tafi, lemonsu ya zo. Wanda ya tsaya a bakin wannan kasuwa minti goma zai fahimci darasin cinikayya tsakanin sassan ƙasa fiye da yadda allo zai koya masa.

Ana juye lemo a ƙasa tsibi-tsibi, samari su zauna suna ware shi: manya gefe, matsakaita gefe, ƙanana gefe. Manyan su ne ke tafiya teburan bakin manyan tituna da kantuna. Ƙananan kuwa farashinsu ƙasa yake sosai, alhali bishiya ɗaya ta haife su. Wani matashi mai warewa ya yanka min ƙarami ya ce, "Ɗan makaranta, sha ka ji. Ido ne ke sayen babba." Na sha, zaƙi har kunne.

Kada kuma koren bawo ya ruɗe ku. Lemo na buƙatar sanyin dare kafin bawonsa ya koma ruwan ɗorawa, shi ya sa a ƙasashe masu zafi irin namu yakan nuna sarai yana kore. Abin dubawa shi ne nauyi: wanda ya fi nauyi a hannu ya fi ruwa. Kankana ma haka, a duba gefen da ta kwanta a ƙasa. In ya yi rawaya-rawaya, ta nuna a gona.

Inda ake buƙatar hattara shi ne ayaba da mangwaro. Da yake ɗanye ake ɗauko su don su jure hanya, wasu marasa tsoron Allah kan nuna su da kabaid, sinadarin nan da masu walda ke amfani da shi. Hukumar NAFDAC ta haramta yin haka, ta kuma sha gargaɗi cewa yana cutar da lafiya. Ka yi shakkar ayabar da bawonta ya yi rawaya tas amma wuyanta kore ne, ko mangwaron da waje ya nuna ciki kuwa tauri da tsami, babu ƙamshi, ko wanda ka ga farin gari-gari a jikinsa. Mafita mai sauƙi, wadda kuma ta fi araha, ita ce ka sayi wanda bai gama nuna ba ka kai gida. Sa shi a kwali ko takarda tare da ayaba ɗaya nunanniya. Nunannen ɗan itace yana fitar da wata iska da ake kira etilin, ita ce ke sa na kusa da shi ya nuna, cikin 'yan kwanaki ka samu abinka lafiya lau.

Babbar ƙa'idar dai a nan ma ita ce lokaci. Kowane ɗan itace da kakarsa. Lemo ya fi yawa da sanyi, agwaluma ma haka, yazawa da mangwaro kuma su zo da zafin bazara, har mangwaro ya kai ana zubar da shi a wajen Afrilu. Wanda ya nace sai ya ci tufa da inabin da aka shigo da su daga ƙasashen waje, shi ne zai ce kayan marmari na masu kuɗi ne. Wanda ya bi abin da ke yayi, duk wata akwai rabonsa.

Kada mu manta da na ƙofar makaranta: goruba, magarya, kanya, ɗinya, aduwa, tsamiya, 'ya'yan kuka. Ba a lissafa su a kayan marmari saboda mun raina su, alhali su ma 'ya'yan itatuwa ne. Farin garin da ke cikin ɗan kuka ma yana da bitamin C mai yawa, har ana fitar da shi ƙasashen Turai ana sayarwa da tsada.

In an sayo da yawa, ina za a ajiye?

Wani zai ce gidansu ba firji, in ma akwai ba wuta. Amsar wannan wani malami ne daga Jihar Jigawa, Mohammed Bah Abba, ya yaɗa ta, har ya samu lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. Tukwanen ƙasa biyu ake samu, babba da ƙarama. A sa ƙaramar cikin babbar, a cika tsakaninsu da yashi, a jiƙa yashin, a zuba kayan lambu a ƙaramar, a rufe da jiƙaƙƙen tsumma, a ajiye a inuwa inda iska ke kaɗawa. Yayin da ruwan ke tsattsafowa ta jikin babbar tukunya yana bin iska, yana tafiya da zafin ciki, kamar dai yadda randa ke sanyaya ruwa. Ana ƙara wa yashin ruwa safe da yamma. Ya fi aiki da rani lokacin da iska ta bushe, wato daidai lokacin da kayan lambu ke araha. Tumatir da yalo da tattasai da za su yi yaushi cikin kwana biyu ko uku sukan ɗauki kwanaki masu yawa a ciki. Masu neman aikin da za su nuna a ranar baje kolin kimiyya ta makaranta, ga shi nan a sauƙaƙe.

Abin da ya rage gare ku

Ba kowa ne ke zaune a Kano ba, amma kusan kowane gari yana da tasa 'Yan Kabar: kasuwar mako, ko bakin fadama, ko tashar da ake sauke kaya. Ku tambayi mai kayan miyan unguwarku inda yake sari. Ku nemi izinin iyaye ku bi wani babba ranar Asabar ku gani da idonku, kada ku tafi ku kaɗai, kuma ku kula da motoci da aljihunku.

Sannan ga wani ɗan aiki. Ku ware shafi a bayan littafi, duk mako ku rubuta farashin abu biyar: tumatir, albasa, alayyahu, lemo da duk ɗan itacen da ke yayi. Kafin zangon karatu ya ƙare za ku ga da kanku lokacin da kowanne ke sauka da lokacin da yake hawa, kuma ranar da kuka nuna wa Umma wannan shafi, za a fara shawara da ku a kan cefane. Wanda ke da ɗan fili a gida ya kafa reshen zogale, yana kamawa ba wuya. Wanda ba shi da shi ya cika tsohon buhu da ƙasa da taki ya watsa irin alayyahu, cikin wata guda ko ɗan fiye zai fara tsinka. Kuɗin tara kuma, ko sau biyu a mako, a bar lemon kwalba a sayi lemon bishiya.

Jikin da za ku zauna jarrabawa da shi, ku yi aiki da shi shekara hamsin masu zuwa in Allah ya kai mu, yanzu kuke gina shi. Allah ya ƙara mana lafiya, ya sa wa manomanmu albarka a gonakinsu.